Gyaran da Inna Ta Yi wa Taswira

Elko, 3 ga Yuli, 1988

Ƙanwata Maite,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Na san shekara huɗu ban rubuto ba, ki ajiye faɗan sai mun haɗu. Rijiyarmu ta kan tudu ta ƙafe. Tumaki dubu ne a can, mota ba ta hawa, ruwan tanki kuma ba zai wuce kwana goma sha biyu ba. Sabuwar taswira ba ta nuna komai sai fili. Tsofaffin taswirorin marigayi Baba suna wurinki? Yakan ce akwai idon ruwa bayan Dutsen Alfadari.

Yayanki,
Fermin

Reno, 6 ga Yuli

Yaya Fermin,

Ina gaisuwa. Wato sai da tumaki suka ji ƙishirwa ka tuna kana da ƙanwa! Ga ta 1949 nan, daga bangon falona na ciro ta. Kada ka taɓa min ita da hannun maiƙo. Kullum sai na tsaya kallon siraran layukan nan, yadda suke matsewa inda dutse ya miƙe, su saki jiki inda ƙasa ta kwanta. Da ƙafa da alfadari fa aka auna duk wannan.

Amma duba da kyau. Masu awon sun sa idon ruwan a gabas, wani ya soke da fensir ya mayar arewa, ya rubuta: "Ƙarƙashin farin dutse, a tona kamu biyu." Ba hannun Baba ba ne, na Inna ne. Na gwada da littafin girkinta.

Ka huta lafiya,
Maite

Elko, 16 ga Yuli

Maite,

Gaisuwa. Gabas na fara bi, na ce me Inna ta sani a kan duwatsu? Kwana biyu na ɓata, tumaki tara suka mutu. Da na juya arewa, kamu biyu cif na tona, ruwa ya ɓullo da sanyi har haƙora.

Na tambayi maƙwabcinmu tsoho Joanes. Dariya ya yi, ya ce, "Kai, ba ka sani ba? Shekarar da ubanka ya karye a ƙafa, uwarka ce ta yi kiwon nan ita kaɗai, da cikinka wata shida."

Har ta rasu, ban taɓa tambayarta komai ba sai ko abinci ya nuna.

Naki,
Fermin

Reno, 19 ga Yuli

Yaya,

Ranar Asabar muna tafe da yara. Ka nemo min doki mai haƙuri, ina so in sha ruwan nan.

Maite