Ɗinkin Yaya Hadiza da Ganyen Gwaggo

Talata, bayan isha'i

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, tsoron jini nake yi, ko yankan kaza ba na iya kallo. Amma ga shi kwana shida ni ke kula da ɗinkin Yaya Hadiza, tun da aka yi mata tiyata aka ciro jaririya. Kullum sai in wanke hannu da sabulu, in canza auduga, in tabbatar wurin a bushe yake. Yau nas ta duba ta ce, "Wa ke yi miki? Ta iya." Yaya ta dafe ciki tana dariya: "'Yar littattafan soyayyar nan ce fa!" Kunya da daɗi kamar in nutse.

Sai dai Gwaggo ta iso daga Aujara da ganyen darbejiya, wai gobe wankan jego da tafasasshen ruwa, "mu ma haka aka yi mana." Nas kuwa ta hana jiƙa wurin. Ina ni ina musu da Gwaggo?

Shi ne na rubuta wa Abba wasiƙa ya hana wankan, don maganar mahaifinmu kaɗai Gwaggo ke ji. Na ɗauka wasiƙata ta farko da "Ya abin ƙaunata" za ta fara, ashe da "Abba, ɗinkin Yaya" ne. Gobe da asuba, kafin a ɗora tukunya, zan miƙa masa da hannuna.