Jinin Auta

Zuwa ga maigidana, Baban yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sassauta maka. Yara suna gaishe ka. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kwana tara ke nan ina asibiti. Umma ce ta kamu da cutar numfashin nan da ta kwantar da ni bara. An sa mata na'urar iska a hanci, magana ma da ƙyar take yi. Na rufe shagon ɗinkina, ni ce wanka, ni ce juya ta a gado.

Jiya likita ya ce wanda ya taɓa yin cutar ya warke, jikinsa yakan bar wasu ƙwayoyin kariya a cikin jini. In mutum ya ba da jini za a auna, in suna da yawa sai a tace ruwan jinin a ƙara wa mara lafiya. Kafin ya rufe baki na naɗe hannun riga. Ka tuna yadda na yi sati uku ban san inda kaina yake ba? Na ce ashe wahalar nan tana da rana.

Auta ma ta iso, ƙanwata da sai a yi wata biyar ba a ga ƙeyarta ba. Ta shigo da takalmi mai tsini tana ƙwas-ƙwas, ta ce ita ko mura ba ta yi ba, amma a ɗiba. Da ta ga allura sai da na riƙe mata hannu. Jibi za a ba mu sakamako. Ka sa Umma a addu'a.

Matarka,
Maman yara

Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya kaɗaici? Alhamdulillahi, an cire wa Umma na'urar, har ta zauna ta sha shayi da kanta. Ya kamata wasiƙar nan ta zama ta murna zalla, amma kai ba na ɓoye maka komai.

Sakamako ya fito. Nawa ƙwayoyin sun kusa ƙarewa, wai haka suke raguwa a jikin wasu. Na Auta kuwa cike maƙil. Ashe ta yi cutar ba ta ma sani ba, tana ta yawonta! Ita aka kwantar a kujerar nan mai laushi, aka tace mata ruwan jini rawaya cikin leda, aka ɗaura wa Umma. Nawa jinin an ce za a ajiye wa waɗanda suka yi haɗari da masu haihuwa, aka ba ni lemo da biskit.

Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai Umma ta kamo hannunta ta ce, "Ga wadda ta tashe ni, jinin autata ke yawo a jikina." Ni kuwa ina tsugune a gefen gado ina matse tsumma. Shekara goma sha ɗaya Umma tana gidanmu, ban taɓa jin ta nuna ni ga baƙo haka ba.

Shekaranjiya na kasa daurewa. A gaban ƙannen Baba na ce ai likita ya faɗa ba lallai ruwan jinin ne ya yi aiki ba, akwai magunguna, akwai jinya. Gaskiya ce, haka ya faɗa, amma Allah ya san ba don gaskiya na faɗa ba. Auta ta sunkuyar da kai tana shafa audugar hannunta. Umma ta dube ni, irin kallon da take min ina yarinya.

Ka ce min wani abu, ko faɗa ne.

Taka,
Maman yara

Baban yara,

Na sami wasiƙarka, na gode, faɗan ma ya shiga. Ina fata kana cin abinci a kan lokaci.

An sallami Umma ranar Litinin. Muna bakin ƙofar asibiti ta ce gidan Auta za ta je ta huta. Ni na haɗa mata jaka da hannuna, na ninke zannuwanta, ban yi kuka ba sai da motar ta sha kwana. Na dawo na tarar da ɗakinta a buɗe, carbinta a kan filo.

Kwana biyu kacal Auta ta kira ni a waya. Umma ta ƙi cin abinci, ta ƙi shan magani, ta ce gadon ya yi mata tudu. "Yaya, don Allah yaya kike yi da ita?" Wallahi Baban yara, daɗin da na ji ya ba ni kunya.

Na faɗa mata. A daka farin maganin a sa a cokali da zuma, filo biyu a baya ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, kada a yi mata magana sai ta gama lazimi. Tana rubutawa tana cewa in maimaita. Na kuma ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa a asibiti, ta ce ya wuce.

Abu ɗaya ne ban gaya mata ba. Bayan la'asar Umma tana son a ɗora ƙafafunta a cinya a matsa mata su da mai, ba ta taɓa roƙa, sai dai ta miƙo su. Wannan na bar wa kaina. Gobe zan je, man yana cikin jakata.

Ka gaida abokan aikinka. Ka dawo mana lafiya.

Matarka har kullum,
Maman yara