Man Darbejiya a Irin Wake

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Mu dai muna nan, ana ta fama.

Inna, ranar kasuwa na ga ƙananan kwalabe a Ɗambatta, wai man ƙanshi ne na itatuwa, wani saurayi yana ta zuba bayani kamar shi ya ƙirƙiro su. Dariya ta kusa ƙwace mini. Ke da ko allo ba ki gama ba, ai tuntuni kin koya mana wannan karatu. Ɗigon man kanumfari a auduga idan haƙori ya hana mutum sakat. Na na'ana'a a goshi in kai ya sara. Kuma ba a shafa su tsura sai an cuɗa da man kaɗanya, don kin ce, "Abu mai ƙarfi, da ɗan rakiya yake tafiya."

Amma ba su suka sa na ɗauki biro ba. Man darbejiya ne.

Na tuna yadda kike daka 'ya'yan darbejiya bayan kaka, ki yi ta murzawa har man ya tsatso, gidan duk ya ɗauki warinsa. Sai ki shafe irin waken da za a shuka baɗi, ki toshe bakin tulu da laka. Maƙwabta ɗan kaɗan suke sawa, ƙwari kuma ba sa taɓa nasu. Ke kuwa sai wake ya yi sheƙi. Baba har tsokanarki yake, wai hannunki bai san ya isa ba.

Haka na gada, haka na yi wa namu bara, ban tambayi dalili ba.

Bana rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Maigidan ya tafi Kano neman abin yi, shiru. Na gaji, Inna. Na gaji da dafa tafasa da rama ina ce wa yara tuwo na nan tafe.

Shekaranjiya na fasa bakin tulun. Na ɗebi irin, na wanke, na sake wankewa da toka, na dafa. Jikokinki suka zauna suna murna. Loma ɗaya suka kai baki suka tofar. Ni ma na gwada, ɗacin ya tsaya mini a maƙogwaro. Wallahi a lokacin haushinki na ji, kina kabari.

Sai da na zauna ina kallon sauran waken na gane. Ƙwari ɗan kaɗan ya ishe su. Ragowar man saboda mu kike zubawa, saboda rana irin wannan da uwa za ta ji kukan 'ya'yanta ta cinye gonar baɗi.

Sadiya, babbar, ta tambaye ni don me na ɓata abinci da hannuna. Har yanzu ba ta kallon idona.

Jiya da safe na ranto man darbejiya a maƙwabta na ƙara wa abin da ya rage, don ban yarda da kaina ba. Na sake toshe tulun, yaran suna tsaye suna kallona.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya kawo ruwa da wuri, Ya kai yaran nan lokacin kaka da ransu, ko da ba su yafe mini ba.

'Yarki,
Hauwa