Injin da Yake Numfashi a Kan Tumatirina

Zuwa ga ɗana Ɗanlami,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya iyali da sanyin Jos? Mu nan Kura lafiya lau, sai tsufa.

Akori-kurarmu ta samu sabon inji, wato tsohon injin wata mota da ta riga ta mutu. Bakanike Audu ne ya ɗora. Bakin zuba baƙin mai ya koma can ƙarƙashi, sai da mazurari da dogon tiyo, ni kuma ina kwance kamar mai neman allura.

Wannan duk da sauƙi. Akwai wani tiyon da ya ja ya kai bayan mota, daidai inda nake jera kwandunan tumatir. Na ce, "Audu, wannan fa?" Ya ce, "Baba, numfashin inji ne, in an toshe sai ya fashe." Na yi aji uku a firamare, ba a taɓa gaya mana ƙarfe yana numfashi ba.

Ranar kasuwa dillalai suka shinshina kayana, suka ce hayaƙi suke wari, suka wuce. Wajen wa? Wajen surukin Audu, mai gona kusa da tawa a bakin kanal. Ban ce komai ba, amma ina kallo.

Ka tambayi bakanikenku gaskiyar magana, don tumatir ba ya jira. Kafin amsarka ta iso zan toshe tiyon da totuwar masara. In ka ji ƙara daga wajen Kura, ni ne, sai ka yi mini addu'a.

Ka gai da Hajara da yara.

Mahaifinka