Ƙwallon da Na Kai da Hannuna

Barade, Jalingo
9 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga ƙanena Abbo,

Ka yi mini afuwa da na dame ka da takarda, na san hidimar Yola ba ta barin ka ka zauna. Bayan sallama, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Fanta da yara. Yaya ƙafar tata? Mu nan sai godiyar Allah.

Maganar ɗana Njidda ce. Kai shaida ne yadda ya koma a shekararsa ta farko a gidan yari, yana jiran shari'ar da har yau ba a yi ba. In na kai abinci sai ya zauna yana kallon bango, ko gaisuwa ba ya amsawa. Sai da ganduroban nan Job, Allah ya saka masa, ya ja shi fili ya tsayar da shi a gola. Ni da ina ɗaukar ƙwallo wasan banza ne. Amma wata uku da farawa ya cinye tuwona tas, ya nuna mini gwiwar hannunsa da ta ƙuje yana dariya, yana ba ni labarin yadda ya kaɗe bugun wani Tobias. Ya koma aski, ya koma salla a kan lokaci. Job ya ce ba shi kaɗai ba ne, ranar da aka yi wasa faɗa ba ya tashi a ɗakuna.

Ƙwallo ɗaya gare su. In ɗinkinsa ya ɓalle Job ya ba ni in kai wa baduku. Masu ƙofa sun daina bincike na tuntuni, wai Adda, kamar yadda suke kirana, ba ta ƙarya. Ka ji da kunnenka ranar da ka raka ni.

Zuwanka na ƙarshe ka ce in huta, kai za ka karɓo ƙwallon daga wajen baduku a kasuwa. Na ji daɗi, na ce kawunsa ya tuna da shi. Washegari da na kai shi gidan yari na tarar da sabon mai ƙofa. Ya matsa ƙwallon, ya tambaye ni, na ce wallahi babu komai a ciki. Abbo, ka san tun muna makarantar allo ba na rantsuwa. Ya farke ɗinkin a gabana, ƙulle-ƙullen ƙwayoyi suka zubo ƙasa.

An rufe filin. An dakatar da Job, ga shi da 'ya'ya biyar. Sati uku ke nan. 'Yan ɗakin Njidda sun daina zama kusa da shi, tunda uwarsa ce ta jawo. Jiya na je, ya zauna hannuwansa a cinya, an ce tun Juma'a bai ce uffan ba. Kwanon a rufe na dawo da shi.

Na je wajen baduku. Ya ce kai ka hana shi rufe ɗinkin ƙarshe, wai za ka ƙarasa a gida. Na yi masa godiya na taho. Na yi azumi uku saboda rantsuwar, ko da yake malam ya ce babu komai a kaina tunda ban sani ba.

Ni na goya ka bayan rasuwar Inna. Ban san wa ka aika wa abin ba, ba na ma so in sani. Abin da ya tsaya mini a rai, ka duba duk garin nan ka ga ni ce ba a bincike, sai ka zaɓe ni.

Shugaban gidan ya ce in an san mai aikin, Job zai dawo, a buɗe fili. Ya kira ni ranar Litinin mai zuwa. Ban ambaci sunanka ba tukuna, na fi so ya fito daga bakinka, ka zo ko ka rubuto. Amma in ya tambaye ni, ba zan ce ban sani ba.

Ka gaida Fanta, ban gaya mata komai ba. Direban da ya kawo maka wannan zai juyo jibi. Don Allah ka amsa mini da wuri.

Addarka,
Aisatu