Riga Mai Lamba Biyar Ta Dawo Hannuna

Zuwa ga Malam Danladi, kocinmu, a Yangoji.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma idon? An ce min yanzu ba ka shiga gona, sai dai ka zauna a gindin mangwaro kana ba da umarni, abin da dama ka fi kowa iyawa. Aminu ne, ɗan Alhaji mai shagon atamfa na kasuwar Garki, wanda ka laƙaba wa Katanga a filin ƙwallo. Na san ba ka duba waya. 'Yarka Laraba tana bin shafin nan nawa, ita za ta karanta maka, kuma na roƙe ta kada ta tsallake ko layi ɗaya don tausayinka ko don rufa min asiri.

Da zan iya kiran waya in faɗa maka a ɓoye. Na zaɓi in rubuta inda kowa zai gani saboda dokarka ce ta ce irin wannan magana a gaban jama'a ake yin ta.

Malam, riga mai lamba biyar ta dawo hannuna. Tana cikin leda a ƙarƙashin teburin shagona a Dei-Dei, kuma tun da ta shigo ban ci abinci ya yi min daɗi ba.

Yawancin masu karanta wannan ba su san abin da hakan ke nufi ba, don haka ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka fi ni sani.

Lokacin da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja, sakandarenmu ta Garki ta cika da yara kala-kala. Ga 'ya'yan ma'aikata da aka kwaso da akwatunansu, ba su jin ko "zo" da Hausa. Ga mu 'ya'yan 'yan kasuwa daga Kano da Zariya, muna ta hura hanci. Ga 'ya'yan mutanenka Gbagyi da muka zo muka tarar. A aji kowa da ɓangarensa yake zama. Kai ne ka kwashe mu ka zuba a fili ɗaya, ka ce wanda bai iya kiran sunan abokin wasansa daidai ba ba zai taɓa ƙwallo ba.

Garin a lokacin rabinsa ciyawa ne. Duk inda mutum ya juya fuloti ne an kafa masa dutse an tafi an bar shi. Kowane fuloti kuwa da yaransa, an kafa sanduna biyu an ce raga ce. Wasu suna ganin shirme yara suke yi. Kai kana bi a kan tsohon babur ɗinka kana tsayawa kana kallo, ka san daga nan tim ɗinka na gobe zai fito.

A nan ka kafa dokarka. Duk wanda ya shiga tim ɗin makaranta, Asabar ba tasa ba ce. Zai koma unguwa ko wata firamare ya tara ƙananan yara ya koya musu. Daga cikinsu zai ɗauki ɗaya ya rene shi, ya bi shi har ya ci jarrabawa ya shigo makarantarmu. Ranar da zai gama, a tsakiyar fili, zai cire rigarsa ya sa wa yaron da hannunsa, ko da za ta kai masa gwiwa. Wanda kuwa ya gama babu magaji, shi ma a gaban kowa zai tsaya, ya miƙa maka rigar, ya ɗaga murya ya ce, "Ban bar kowa ba."

Wallahi mun fi tsoron wannan magana a kan bulala. Duk tsawon zamanka a makarantar babu wanda ya taɓa furta ta.

Ka tuna Bitrus, yaron da na ɗauka a filin bayan Area 3? Siriri, ƙafa ba takalmi, amma in ya tsaya a gabanka sai ka zagaya. Uwarsa ta taɓa biyo ni da muciya, wai ina hana ɗanta zuwa gona. Kai ka hau babur ka je ka zauna a tsakar gidanta, kuka yi ta magana da yarenku, ban ji komai ba sai dariya. Daga ranar ita take aiko min da dafaffiyar doya duk Asabar.

Ka tuna kuma wasan da na hana 'yan makarantar cikin gari sakat, har 'yan kallo suka ɗaga ni sama? Na zo gabanka ina jiran yabo, kaina ya kumbura. Ko kallon ƙafata ba ka yi ba. Ka ce, "Kai Katanga, ina yaronka?" Ashe an gaya maka na tsallake Asabar na tafi yawo. Wasan ƙarshe na kofi a benci na kalle shi, ina cika ina batsewa, ina zaginka a zuci. Yau ga shi na gaya maka.

Tambayarka ke nan kullum. Ko a kasuwa muka haɗu, kafin gaisuwa, ina yaronka.

Ranar da na gama na sa wa Bitrus lamba biyar. Shi ma ya sa wa wani, wani ya sa wa wani. An sha saya wa tim sababbin riguna, amma wannan tsohuwar, shuɗiya mai farin wuya, da ɗinkin da ka yi mata da baƙin zare a hammata, ita ake miƙawa. Sauran lambobin duk sun ɓace a hanya. Ita kaɗai ta yi tsawon rai.

To, Malam, ga abin da muka ɓoye maka.

Tim ya mutu. Ba yau ya mutu ba, kuma ba wanda ya kashe shi da rana ɗaya. Bayan ka yi ritaya filayen unguwa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Masu fuloti suka dawo da takardunsu, hakkinsu ne, ban ce komai ba. Firamare suka gina azuzuwa a kan filayensu, suka ja katanga, suka sa maigadi. Iyayen yara haya ta kore su zuwa bayan gari, yaron da zai zo atisaye sai ya hau mota biyu. Filin bayan Area 3, inda na samo Bitrus, yanzu bene ne mai shaguna sama da ƙasa. Kuma kada in yi maka kwana-kwana, rodin da ke cikin ginin nan daga shagona aka ɗauka. Ni na tsaya a kan lebura aka loda shi a mota, ina murna na yi ciniki.

Za ka ce ina mu tsofaffin 'yan wasa muke? Muna nan, Malam, mun yi tumbi. Muna da zaure a waya, daga safe har yamma gardamar ƙwallon Turai muke yi, har da gaba tsakanin manyan mutane masu furfura. Ɗana yana buga ƙwallo, ka sani? A wata akadamin koyon ƙwallo ta kuɗi yake, mai ciyawar roba da ƙofar ƙarfe. Duk Asabar ni nake kai shi, in zauna a mota ina latsa waya har su tashi. A bayan wayar shingen kullum akwai yara a tsaye suna leƙe. Na sha ganinsu. Asabar ɗin da ka koya min in ba 'ya'yan wasu, a kujerar mota take ƙarewa.

Bara wani a zauren ya ce a farfaɗo da tim. Kowa ya yi tsalle. Muka sayi riguna sababbi fil, da takalma, da ƙwallaye, da wani ƙaton kofi aka rubuta sunanka a jiki. Muka sha manyan riguna muka tafi makarantar da mai hoto. Shugaban makaranta, bawan Allah, ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya aika a kira 'yan wasa. Waɗanda suka fito ba su kai su cika gefe ɗaya ba. Biyu daga ciki ma daga aji aka jawo su don hoto, an gani a yadda suke riƙe ƙwallo kamar an ba su ajiyar kankana. Filin kuwa rabinsa ramukan rumfunan biki ne, don yanzu haya ake ba da shi ranar Asabar. Raga ɗaya ta karye, ɗayar an shanya tabarma a kai.

Muka tsaya da kwalaye cike da riguna babu jikin da za a sa wa. Haba, Malam! Da wasu baƙi ne suka yi wannan wauta da sai a yi musu uzuri. Mu fa? Mu da ka kora cikin rana muna bin unguwa-unguwa muna tara yara, mu ne muka manta daga inda ɗan wasa yake fitowa, muka fara da kofi. Aka ɗauki hoton duk da haka. Ina ciki, a tsakiya, ina murmushi.

Makon jiya wani saurayi ya shigo layinmu a Dei-Dei, yana ratsa tireloli yana tambayar shagon Katanga. Ba wanda ya gane, don a can Alhaji Aminu mai rodi ake ce min. Sai da wani tsohon direba da ya san ni tun Garki ya nuno masa. Sunansa Haruna, bana ya gama makarantarmu, shi ne na ƙarshe da aka sa wa lamba biyar. Bai taɓa ganinka ba. Wanda ya ba shi rigar ne ya gaya masa dokar, ya kuma gaya masa cewa daga jikina ta faro.

Yaron nan ya yi ƙoƙari, Malam, ka ji wannan da kyau. Ya tara yara a unguwarsu. Suka fara a wani kango, maigadi ya kore su. Suka koma bakin titi, mota ta kusa kwashe ɗaya, iyaye suka janye 'ya'yansu. Ya je firamare, aka ce oga bai ba da izini ba. Yaron da ya fi sa wa rai a cikinsu, babansa ya kai shi koyon gyaran waya. Ya gama makaranta da riga a hannu. Abin da ya kawo shi wurina, wai in yi masa kwatancen gidanka, zai je ya tsaya a gabanka ya faɗi maganar kamar yadda doka ta ce.

Na rasa inda zan sa fuskata. Yaron da bai taɓa jin muryarka ba yana neman kuɗin mota ya je ya cika dokarka, ni da na ci doyar Asabar ina zaune a kan buhun siminti ina kallonsa. Na karɓi rigar na ce ya tafi gida, wannan magana ba a bakinsa take ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci min rai. Duk Kirsimeti muna zuwa gaishe ka da shinkafa da ɗan akuya. Kana shafa fuskokinmu kana kiran kowa da lambarsa. Sai ka ce, "Yaya yarana?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce suna nan, suna ta ci. Ka yi ta murna, har ka buga sandarka a ƙasa. Zuwanmu na ƙarshe ka ce a zo a ɗauke ka ka je kallo, ko ba ka gani ba za ka ji ƙarar ƙafafu ka san wanda ya iya. Ni ne na ce a bari hunturu ya wuce. Hunturu ya wuce har ruwa ya sauka, Malam. Mun ce tausayinka muke ji. Ƙarya ne, kanmu muke rufa wa asiri, mun sami tsoho ba ya gani mun yi ta yi masa wasa da hankali. Tir da mu, kuma ni ne a gaba.

Na san abin da za ka ce, don na san zuciyarka a bayan duk wannan faɗan. Za ka ce ai Katanga ya bar Bitrus, ya fita. Na bar shi, gaskiya ne. Daga nan na juya baya ban sake waiwaye ba, kamar wanda ya sauke kaya a tasha. Ba haka ka nufa ba, kuma na sani tun a lokacin.

Saboda haka ranar Asabar ina nan tafe Yangoji, ni kaɗai, ba shinkafa ba mai hoto. Kada ka sa a yi min girki. Kada ka tashi tsaye, ka zauna a gindin mangwaronka. Zan sa maka rigar a hannu ka laluba hammatar ka ji ɗinkinka, don ka tabbatar ita ce. Sannan zan ja da baya in faɗi maganar da ƙarfi, yadda ka tsara. Ina roƙonka kada ka tare ni, kada ka ce ya isa, kada ka sauƙaƙa min.

Doka ta ce a gaban kowa. Laraba ta gaya min akwai yara da suke buga ƙwallo a bayan gidanka da yamma, wai kana yi musu alƙalanci da kunne, kana yi musu tsawa in sun yi son kai. Ka sa a tara min su, duka, har da masu majina. Su tsaya su ga ƙaton Alhaji da furfura yana faɗin abin da ba a taɓa faɗa ba. In a cikinsu wani ya matso ya tambaya rigar wane ce wannan, don Allah, Baba, kada ka amsa masa. Ka bar ni da shi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah Ya sanyaya maka idanunka, Ya ba ku damina mai albarka, Ya saka maka da alheri a kan kowace Asabar da ka ƙarar a kan 'ya'yan mutane. Allah Ya yi wa Haruna albarka, Ya buɗa masa hanya. Mu kuma Allah Ya yafe mana ƙaryar da muka yi maka, Ya ba ni ƙarfin muryar da zan tsaya a gabanka. Amin.

Ɗanka da ya kasa haɗa ido da kai,
Aminu Katanga, lamba biyar.