Ranar da Jirgin Arkasha Ya Tsaya

Zuwa ga Yaya Raisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki Timofey. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, sanyin Magadan kuma bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara lafiya, ya raba mu da doguwar jinya. Mu ma nan birnin Piter da sauƙi. Ina zuwa aikina a kantin magani, rufin ɗakin girki yana yoyonsa, Mama tana nan, sai dai jikin ba yadda kika bar shi ba.

Na san ƙanenmu Arkasha ya buga miki waya daga Kanada ya ce ya keto teku don ganin uwarsa, ni kuwa na ƙi kai ta. Ni ma ya buga mini, ya wanke ni tas. Mama ta sa na rantse ba zan gaya masa abin da ya faru ba, amma ba ta sa sunanki cikin rantsuwar ba, ni kuma abin ya yi mini nauyi ni kaɗai.

Kin san autan Mama da son sauƙi. Fiye da shekara ashirin bai tako ƙasar nan ba, da ya tashi zuwa bai nemi biza ba, ya biyo jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da matarsa ta saya musu tikiti. Mutanen jirgin kuwa ba a barin su su yi gaban kansu, sai inda mai jagora ta kai su. Gidan da aka haife shi ba zai iya zuwa ba, wai mu same shi a tsohuwar fadar sarakuna da ake kai baƙi kallo, a babban zaure, da hantsi. Na faɗa wa Mama raina a ɓace, ta ce, "To mene ne? Ko a kurkuku yake ai sai in je."

Tun jajibere ta sa na wanke mata kai, na goge shuɗiyar rigar da ta sa a bikin Gleb ɗinki. Ta zauna a kujera ta murza masa burodin kabejin da yake so. Da safe ta ƙi shan shayi don kada fitsari ya dame ta. Nyura maƙwabciyarmu ta ara mana keken guragu. A ƙofar fada aka ce mu bar jakar abincin a ɗakin ajiya, aka kuma ɗaura wa Mama takalman tsumma na kare katakon daɓe a ƙafafun da ba sa taka ƙasa.

Yaya, ban taɓa ganin cunkoso irin na ranar ba. Jirage da yawa ne suka tsaya tare. Kowane rukuni yana bin sanda mai lamba, kowa da abin saurare a kunne, tagogi a rufe, ga zafi ga warin gumi, zinariyar bangon tana kashe ido. Ba a yarda a tsaya ba, hanya kuma ɗaya ce, wanda ya fita ba ya dawowa. Na roƙi tsohuwar da ke tsaron zauren, ta dube mu ta ce, "Lafe da ita can lungu. In shugaba ta zo, ban san ku ba." Muka lafe. Hantsi ya wuce, rana ta raba, Mama tana duba fuskar duk namijin da ya shigo. Na yi ta tambayarta ko mu sauka bayi, ta ce in rufe mata baki, tana sauka zai wuce.

Wari na fara ji kafin in ga rigar. Ta jiƙe har ƙasa, ruwan ya gangaro ƙarƙashin keken a kan katakon da suke ta lallaɓawa. Ina cire rigar sanyina in rufa mata sai ga rukuninsu, na hango kan Arkasha, ya yi sanƙo ya yi furfura, matarsa tana riƙe da hannunsa. Na ɗaga hannu zan kira shi. Mama ta cafke ni, har yau sawun farcenta yana wuyan hannuna. Ta ce, "Juya ni bango. Zina, in kika kira shi ban yafe miki ba. Ba zai gan ni haka a gaban matar nan ba." Na juya ta, na ja gyale na rufe rabin fuskata.

Bangon madubi ne tun daga ƙasa har sama, a cikinsa ta kalli ɗanta. Ya cire abin kunnensa yana ɗage yana waige-waige. Yarinyar da ke musu jagora tana bin sa kamar za ta yi kuka, tana cewa baba don Allah, in mutum ɗaya ya ɓace aikinta ya tafi. Da ya nufo lungunmu Mama ta runtse ido kamar yaro mai ɓuya. Da ta buɗe, sun shige zaure na gaba. Mai tsaron ta kawo tsumma ta goge ƙasan da kanta.

Mama tana ta gaya wa Nyura ta ga ɗanta, ya yi ƙiba, ashe matar tana ba shi abinci, kuma ta ɓuya da kyau bai gan ta ba. Da wannan take kwana. Ni idona biyu, Yaya. Ya zo daf da mu, har gwiwarsa ta bugi keken. Ya dubi fuskarta a madubi sosai, ba a gurguje ba, sannan ya ce mata yi haƙuri da Turanci, ya ci gaba da neman uwarsa. Na fi son ya yi ta zagina da ya san wannan, ita ma ba zan taɓa gaya mata ba. Amma raina yana ƙuna duk sanda na tuna.

Tun ranar ba ta cika tashi daga gado ba, cinta ya ragu ƙwarai. Kada ki jira hutun baɗi. Ki zo kafin hunturu.

Ki gaishe mini da Timofey, da Gleb da matarsa Lida, ki sumbaci jikanyarki Varya. Nyura tana gaishe ki. Mama ta ce in gaya miki tana nan garau.

Taki ƙanwa,
Zinaida